Jaka 50 da kwali biyu na littafi: wane talla ne ya cancanci kuɗin marubuci?

Wata ƙanwata a harkar rubutu, malamar makaranta a Tawa, ta kira ni bayan sallar lisha. Littafinta na gajerun labarai ya fito, kwafi 300, ta je tasha ta ɗauko kwali biyu, ga su nan ƙarƙashin gado. Abin da ya rage a hannunta jaka 50 ne. Ta ce, "Yaya, mai buga takardu ya ce in yi bandarol da riguna, ƙawata ta ce rediyo, ƙanena kuma ya ce in biya Facebook. Wanne zan kama?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Amsar da na tura mata ce nake faɗaɗawa a nan, don na san ba ita kaɗai ke kwana a kan kwalin littafi ba, daga Yamai har Tawa.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, amma da kwafi ake auna tsadar talla, ba da jaka ba. Mu ɗauka kana sayar da littafinka jaka 2, kowane kwafi kuma ya ci maka 1,200 wurin bugu. Ribarka 800 ke nan, in kai ka sayar da hannunka. In mai kanti ya sayar, ya cire rabonsa, abin ya ƙara raguwa. To duk tallan da ya ci jaka 20, sai ya sayar maka da kwafi 25 kafin ka dawo inda ka tashi. Ka riƙe wannan lissafin a ka duk sadda aka gaya maka farashi. Kuma ka tambayi wurare uku kafin ka ba da kuɗi, don farashin bugu na ciniki ne. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso, takarda da tawada ma hanyarsu ta yi tsawo, kuɗin bara ba lalle ne ya zama na bana ba.

Na biyu daɗewa: kwana nawa abin zai yi yana aiki? A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, damina ta zo da iska daga Yuni zuwa Satumba, hunturu ya biyo da ƙura, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Na uku sauƙi: za ka iya da kanka, ko sai ka yi ta zarya wurin wani? Na huɗu kasada: me zai iya lalacewa, kuma in ya lalace, kuɗi kawai ka rasa ko har da littafin?

Akwai na biyar, wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Bayan mutum ya ga tallan ko ya ji shi, taku nawa ya rage masa littafin ya shiga hannunsa? Kantunan littattafai a nan ƙalilan ne, yawancinsu kuma littattafan makaranta suka fi ajiyewa. Mutum zai ji sunan littafinka, ya yi sha'awa, ya rasa inda zai tambaya, kafin gobe ya manta. Saboda haka kafin ka kashe ko dala, ka tsayar da abu uku: lambar waya ɗaya da ake samunka, wuri ɗaya a gari da littafin ke ajiye, da hanyar biya da aikawa. Wanda ke wani gari ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, kai kuma ka ba da saƙon a Rimbo ko STM ko Sonef ya karɓa a tasha. In waɗannan ba su tsaya ba, kowane talla zuba ruwa ne a rariya.

WhatsApp: hoto, status da murya

Kuɗinsa forfen intanet ne kawai. Hoton bangon littafi, jimla ɗaya mai daɗi daga ciki, farashi, lamba. Manhajar Canva ta kyauta ta isa a haɗa wannan a waya. Sai dai status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda ke da lambarka kai ma kana da tasu su ne kaɗai ke gani. Jerin aika saƙo ga jama'a da yawa a lokaci ɗaya mutum 256 yake ɗauka, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Wato da'irarka ce kake ta zagayawa: dangi, abokan aiki, tsofaffin ƴan aji. Mako biyu sun isa kowa ya gani, daga nan sai a fara tsallake ka.

Abin da ke fita daga da'irar shi ne murya. Ka zauna a ɗaki da dare, ka kashe fanka, ka karanta minti biyu daga littafin, ka tsaya daidai inda mai sauraro zai ce "sai me ya faru?", sannan ka faɗi sunan littafin da lambar waya sau biyu, a hankali. Hoto ana kallonsa a wuce, amma sautin murya turawa ake yi. Yana shiga gurup na matan unguwa, na ƴan fada, na ƴan gari ɗaya da ke ci-rani. Ga marubucin Tawa wannan na ƙarshe babbar kasuwa ce. Adar, wato yankin Tawa, ƙasar ƴan bida ce, kusan kowane gida na da wani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, kuma mutumin da ke kewar gida in ya ji Adaranci a kunnensa, yakan turo kuɗin kwafi uku ya ce a kai wa ƙannensa. Ƙari a kan haka, manyan da ke karatun boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba, amma uwar da ba ta karatu tana iya saya wa ɗiyarta da ke kolej in labarin ya shige ta.

Kasadar guda ce, kuma babba. Wani zai ce maka, "Malam, turo min PDF in duba, in ya yi zan saya." Kada ka tura. Ranar da cikakken littafin ya shiga gurup ɗaya, kwalayenka sun zama matashin kai. Babi na farko kawai za ka ware, a ƙarshensa ka sa lamba. Kuma ka yi rajistar aikinka a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, tun kafin ka fara yaɗa komai.

Facebook na biya da TikTok

Facebook na ba ka damar zaɓen gari da shekarun waɗanda za su ga tallan, kuma da kuɗi kaɗan a rana ana iya farawa. Matsalar ita ce sai da katin banki mai biya ta intanet, wanda da yawa ba su da shi, sai su miƙa kuɗi ga wani yaro ya yi musu, ba su san nawa ya shiga ba. Tallan na tsayawa ranar da kuɗin ya ƙare. Za ka sha "Masha Allah" da "Allah ƙara basira" har ka ji kanka ya yi girma, amma ka ƙirga waɗanda suka kira waya, su ne gaskiyar magana. In za ka gwada, ka taƙaita shi ga garin da littafin yake, ka sa maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinka kai tsaye. TikTok kyauta ne, yana kai wa ga baƙin ido fiye da Facebook, sai dai yana son fuska da yawan fitowa. Wanda ba ya jin nauyin kamara ya shiga, wanda ke ji kada ya takura kansa.

Ƙaramin kati da takardar rabawa

A nan ne nake ganin kuɗin bugu ke da amfani. Katin alamar shafi, wannan siririn da ake sa wa cikin littafi, daga takardar A4 mai kauri, giram 250 zuwa 300, ana yanka guda biyar, kowane tsawonsa santimita 21, faɗinsa kusan 6. Takarda 60 ta ba ka kati 300, ɗaya ga kowane kwafi. Gaba hoton littafi, baya lamba da wurin saye. Amfaninsa sai ka tuna yadda muke karatu: littafi ɗaya mutum biyar ko shida ke aronsa, ya tashi daga wannan gida ya faɗa wancan. Kowane mai aro katin na hannunsa. Yana daɗewa muddin littafin na nan, rana ba ta ganinsa, ruwa ba ya dukansa. Ka buga fiye da adadin littattafan, ka riƙa yawo da ashirin a aljihu, don duk wanda ya ce "ina ake samu?" a wurin biki ko suna, ba sai ka tsaya neman biro ba.

Takardar rabawa ta fi araha. A4 ɗaya a raba huɗu, bandir ɗaya mai takarda 500 ya ba ka 2,000, da fotokopi baƙi da fari a shagunan bakin Jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda ko kusa da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Sai dai ranta gajere ne. Ka raba a Babbar Kasuwa ko Katako, gobe ka tarar an ƙunshe ƙosai da ita. A ƙofar lise ko a zauren taro, inda masu karɓa ɗalibai ne da malamai, tana da ɗan tasiri.

Kasadar kayan bugu duka ɗaya ce, ni kuma na ɗanɗana ta. Na taɓa kai aikin kati wani shago a Yamai, na ba su rubutun a Word, na tafi. Jimlar da na tsamo daga littafin tana da kalmar "ƙarya". Kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, sai duk inda ƙ da ɗ suke ya fito da ɗan akwati. Yaron shagon, da kyakkyawar niyya, ya bi ya goge akwatunan ya sa k da d. Da na zo karɓa na tarar da kati 500 an yanke tsaf, jimlata tana maganar karya. Na ce, "Samari, me ka yi min haka?" Ya ce, "Wallahi Malam gyara na yi, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, amma laifin nawa ne. Tun ranar PDF kawai nake kaiwa, da rubutun da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ irin Andika, Charis ko Noto, duk kyauta ne. Kuma ba na tashi sai an fitar da ɗaya na gwaji na karanta, har lambar waya ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da launi ma: abin da ke sheƙi a fuskar waya yakan fito a dushe a takarda. Ka tambaya ko injin laser ne, don tawadar ƙaramin inji na ofis ɗigon ruwa ɗaya ke narkar da ita.

Afish, bandarol da kakemono

Waɗannan su ne masu buga takardu ke fara ambata, don nan ribarsu take. Bandarol da murabba'in mita ake sayar da shi, ga kuɗin igiya da mai hawa ya ɗaura, in kuma a kan titi ne sai an bi ta ma'aikatar magajin gari. Mai babur da ke wucewa ba zai tsaya kwafe lambar waya ba. Iskar hadari ɗaya ta isa ta yaga shi, in ya tsira kuma rana ta cinye ja da rawaya cikin ƴan watanni. Afish ɗin da aka manna a bango da kokon rogo, na ga akuya ta miƙe da ƙafa biyu tana cinye shi tun bai bushe ba. Wanda ta bari, wani ya zo ya manna sanarwar wasan kiɗa a kai.

In ka ga marubuci ya dage sai ya yi bandarol, sau da yawa son ganin hotonsa babba ne, ba laifi ba ne kuma, mutum ya sha wahalar rubutu. Amma a kira abin da sunansa. Afish goma girman A3, a manna a cikin inuwa inda mutane ke zaman jira, wato ɗakin malamai, laburare, shagon da littafin ke ajiye, allon sanarwa na Cibiyar Oumarou Ganda ko gidan matasa na Djado Sékou, sun fi ɗari a bangon titi. Kakemono, wannan mai tsayuwa da ake naɗewa cikin ƙarfensa, yawanci santimita 85 ne a mita 2, yana shekaru in ana adana shi. Ya dace da mai littafi fiye da ɗaya da ke yawan zuwa baje koli. Sharaɗi: kada a sa kwanan wata a jikinsa.

Riguna, huluna da kalanda kuwa, a bar wa ƴan siyasa da kamfanonin waya. Kuɗin riga ɗaya ya fi ribar kwafi ɗaya, kuma kowa kyauta yake so.

Rediyo

Har yanzu babu abin da ke shiga gida da gona da tasha kamar rediyo, daga Muryar Sahel zuwa masu zaman kansu irin Anfani, Saraounia, Dounia da Ténéré, har rediyon karkara. Amma hanya biyu ce, kuma ba su yi kama ba. Sanarwa ta kuɗi ana biyan kowane karantawa. Za a karanta taka tsakanin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da ta ɓatan saniya, cikin sauri. Sau ɗaya ko biyu ba ya kama kunne, sai an maimaita kwanaki a jere, nan ne kuɗin ke tafiya. Hira a shirin al'adu ko na mata ko na matasa ita ce mai daraja, kuma sau da yawa abin da za ta ci maka kwafi ɗaya ne ga mai gabatarwa da ɗan kuɗin mai. Ka kai masa littafin mako guda kafin ranar, ka naɗe masa shafuka biyu ko uku. Ka roƙi ya bar ka ka karanta da bakinka. Ka karɓi sautin a waya kafin ka fita, don shirin da ya wuce a iska ya tafi, amma wanda ka yanka gutsi-gutsi ka zuba a WhatsApp zai yi maka wata guda yana aiki.

Lokaci ma na da tasiri. Masu shirye-shirye na neman baƙo ranar 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, da 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 26 ga Agusta, ranar Hausa. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mai littafin Hausa ya samu abin buɗe hira da shi. Ka guji gab da babbar salla, kuɗin kowa na wurin rago, da farkon Oktoba da iyaye ke fama da kayan makaranta. Lokacin kokowar takobi kuma, wadda aka fara a Tawa a 1975, kunnen kowa na jikin rediyo, amma faɗuwa yake jira, ba littafi ba.

Kwafin kyauta, zaman karatu da ƙaddamarwa

Kwafin kyauta talla ne mai kuɗi, kowane ɗaya 1,200 ne a lissafinmu na sama. Ka ware ashirin, ka rubuta sunayen waɗanda za a ba tun kafin a buɗe kwali: malaman Hausa da na adabi, masu laburare, ƴan jarida biyu ko uku, shugabar wata ƙungiyar mata mai karatu. In ba ka rubuta ba, dangi da abokai za su kwashe hamsin kana murmushi. Malami ɗaya da ya karanta wa ajinsa shafi biyu ya fi bandarol uku.

Zaman karatu ba ya cin komai sai sukari da ganyen shayi. Aji ɗaya a lise bayan an nemi izinin darakta, ko fada da dare, ko zauren gidan matasa na Albarka Tchibaou a Tawa. Mutum talatin, littafi a kan tebur, canji a aljihu. Taku ɗaya ne tsakanin ji da saye.

Ƙaddamarwa daban ce. Zaure, kujeru, lasifika, ruwan sanyi, katin gayyata, ƴan jarida: jaka 50 ba ta kai ko rabi ba. Neman gudummawa ce fiye da talla. In kana da babban mutum da ya yi alkawari zai zo kuma ka san alkawarinsa, taro ɗaya na iya biyan kuɗin bugu duka. In ba ka da shi, sai ka wayi gari da bashi da hotuna. Kuma abin da aka faɗa a lasifika ba shi ne ke shiga aljihu ba, akwai alkawarin da za ka bi har ka ji kunya ka bari.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Status da hoto | Forfe kawai | Awa 24 | Da kanka | Gundurar da mutane |
| Karatu da murya | Forfe kawai | Makonni | Da kanka | Kada ka tura cikakken PDF |
| Facebook na biya | Kaɗan zuwa matsakaici | Sai kuɗi ya ƙare | Sai da kati | Yabo ba ciniki |
| Katin alamar shafi | Kaɗan | Shekaru | Zuwa ɗaya ko biyu | Kuskuren baƙaƙe |
| Takardar rabawa | Kaɗan ƙwarai | Kwana ɗaya | Mai sauƙi | A yar |
| Afish da bandarol | Matsakaici zuwa mai yawa | Makonni | Izini da ɗauri | Rana, iska, akuya |
| Sanarwar rediyo | Yana taruwa | Minti ɗaya | Mai sauƙi | A manta lamba |
| Hirar rediyo | Kwafi da kuɗin mai | Wata, in ka naɗa | Sai da sanayya | A ɗage ranar |
| Zaman karatu | Shayi | Yini ɗaya | Sai an nemi izini | Ƙarancin jama'a |
| Ƙaddamarwa | Mai yawa | Yini ɗaya | Wahala | Bashi |

Wa ya dace da me

Mai littafin farko da kuɗinsa bai wuce na ƙanwata ba: kati, murya, hira ɗaya a rediyo, zaman karatu biyu. Haka na raba mata. Kaso mafi girma ya tafi ga katin alamar shafi da afish goma na cikin inuwa, wani kaso ga kuɗin mota da shayi, jaka 10 kuma ta ajiye don aika saƙonni, saboda mai saye na farko daga Yamai ko Ƙonni bai kamata ya jira ta nemo kuɗin tasha ba. Na ce ta bar kwafi goma wurin mai shagon kayan makaranta da ta yarda da shi, inda ƴan ƙauye ke bi ranar Lahadi in kasuwar Tawa ta ci, a rubuta adadin a takarda kowa ya sa hannu.

Mai littafin da ya shafi makaranta, nahawu ko tatsuniyoyin yara: kwafin kyauta ga malamai da daraktoci, sai takardar rabawa a ƙofar makaranta. Facebook ba zai ƙara masa komai ba.

Mai waƙoƙi ko labarin soyayya, wanda masu karatunsa matasa ne: murya da TikTok, sai ɗan gwajin Facebook na kwana biyar a gari ɗaya, ya ƙirga kiran waya kafin ya ƙara ko dala.

Mai littafin tarihi ko na addini, wanda masu sayensa dattawa ne da ƴan kasuwa: rediyo, sanarwa da hira duka, kuma shi ne ƙaddamarwa ta fi karɓa, musamman in littafin ya taɓo tarihin wani gari ko wani gida da ke da masu hali.

Mai littafi uku ko huɗu da ke zaune a Yamai yana zuwa kowane taro: kakemono ɗaya mai ɗauke da bangon littattafan duka, teburi mai naɗewa, da kati ɗaya da ya jera sunayensu da farashin kowane a baya.